Jan Ƙyalle a Fadamar Albasa

Akwai magana guda da nake so in daidaita muku da hannuna, kafin wani ya ba ku ita a karkace bayan raina. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san cewa a Jega Sabon Gari ba a kirana da sunan da mahaifina ya raɗa mini. Alhaji Mai-Tsuntsu ake cewa, ku kuma 'ya'yan Mai-Tsuntsu, kuma na san biyu daga cikinku sun taɓa yin dambe a makaranta a kan haka. Na ji irin bayanan da ake yi. Wasu sun ce na dawo daga yawon duniya da ɗan taɓi. Wasu sun ce kama tsuntsaye nake yi ina aika wa Turawa. Babu ko ɗaya. Sunan nan ni na zaɓe shi da idona biyu, a ranar da aka miƙo mini wani wanda ya fi shi daɗin ji, kuma har yau ban yi nadama ba.

Kun san na yi kusan shekara talatin ina bin kamfanonin haƙa rijiya. Aikin ya kai ni Nijar da Chadi da Kamaru da Sudan, har na yi hunturu guda a ƙasar Turai wajen koyon sababbin injuna. A can na tsinci Faransanci da Larabcin kasuwa, na ƙara a kan Turanci da Fulatanci da Zabarmancin da na tafi da su. Amma abin da ya fi zama a jikina ba harshe ba ne. A bakin tafkin Chadi na yi aiki da wani tsohon injiniya ɗan Sudan, mutum mai ƙarancin magana. Duk ranar hutu sai ya ɗauki mota shi kaɗai, da butar shayi da madubin hangen nesa, ya tafi bakin ruwa ya zauna. Na ɗauka wani wuridi yake yi. Ran nan ya miƙo mini madubin ya ce in duba. Na ga wani ƙaramin tsuntsu mai dogon baki yana caccakar laka, kusa da ni har kamar in taɓa shi. Ya ce mini wannan daga ƙasar ƙanƙara ya taso, ba fasfo ba guzuri, kuma zai koma. Da zai yi ritaya, madubin nan ya bar mini.

Na lura da wani abu a yawona. A Khartum mutum yana iya zuwa bakin kogi da yamma ya zauna yana kallon ruwa, ba wanda zai ce masa uffan. A Turai na ga tsofaffi suna tuƙi na awa biyu don kawai su tsaya a kan tudu su dubi kwari su juyo. Mu kuwa a nan, duk wanda ya tayar da mota dole a ce akwai ta'aziyya ko biki ko kasuwa ko asibiti a gabansa. In aka ce maka ina za ka, ana jiran sunan gari da sunan mutum. Ban ce namu ya fi nasu muni ba. A can na ga tsohon da ya kwana uku a ɗaki ba lafiya ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Abin da nake cewa shi ne na daɗe a waje har na manta da wannan bambanci, kuma mantuwar ta jawo wa bayin Allah asara.

Na dawo gida gaba ɗaya ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiharmu. Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane zumuɗin ba. Ko'ina gini ake shirin yi. Masu awo suna yawo cikin fararen motoci, suna kafa turaku masu jan ƙyalle, yau a ce nan hanya za ta bi, gobe a ce can gidajen ma'aikata. Wanda turken ya faɗa a gonarsa ya san ta tafi. Ni kuma motar da na dawo da ita a-kori-kura ce fara, wadda na saya a hannun kamfani da aiki ya ƙare, da ragowar lamba a jikin ƙofa wadda fenti bai gama rufewa ba. Tufafin da na saba da su a daji kaki ne da malafa. Ku haɗa wannan hoton a ranku.

Kowace Asabar bayan sallar asuba nakan ɗauki butar shayi da madubi da littafin da nake zana tsuntsaye a ciki, in fita. Wata rana in bi hanyar Aliero, in ratsa ta tsakiyar rumfunan ajiyar albasa, warinta yana shigowa ta taga. Wata rana in yi wajen Dangamaji in ga dawa ta sunkuyar da kai. Ba na kunna rediyo. Ina son ƙarar taya a kan burji da yadda rana ke fitowa ta bayan giginya. Na ga manyan koguna da duwatsu a ƙasashen mutane, amma ban ga abin da ya kai ƙarshen damina a ƙasarmu kyau ba, lokacin da ruwa ya fara ja da baya ya bar ciyawa shar. Inda zuciyata ta zauna shi ne wata fadama a bayan wani ƙaramin ƙauye can wajen Andarai, a ƙasar Maiyama. Akwai tafki a tsakiyarta. Kirinjijiya garke-garke, dinya, zalɓe, belbela, wani lokaci har gauraka biyu. Nakan zauna a bayan mota tun hantsi har azahar.

Mahaifiyarku Hajiya Kulu ba ta taɓa hana ni ba, amma ba ta taɓa barin abin ya wuce shiru ba.

"Alhaji, in anka zo nemanka in ce ka tahi ina?"

"Ki ce na fita shan iska."

"Iskar gidanga mi ta yi? Kullum sai ka ƙona mai ka tahi shan ta wasu. Ko ƙwai guda ba ka taɓa kawo muna ba daga wajen tsuntsayen nan naka."

Wata Asabar motar ta kafe a laka a bakin fadamar, na sha wahala kafin in fitar da ita. Da na dawo sai na yi dabarar da muka saba a wajen aiki. Na sare sanduna goma sha ɗaya, na yayyaga wani tsohon zanen Kulu ja, na ɗaɗɗaura a kai. Mako na gaba na bi da ƙafa ina gwada ƙasa, duk inda na ji tauri in kafa sanda, don in riƙa bin layin da mota. Layin ya bi ta gefen wasu fangalai na noman albasa da aka share ana jiran dashe. Na ga mutane daga nesa sun tsaya suna kallona. Na ɗaga musu hannu, suka ɗaga mini. Na yi wata biyu ina zuwa wurin nan ban taɓa tsayawa a zauren mai gari na yi sallama ba. Wannan shi ne laifina, kuma ba na ɗora shi a kan kowa. Ni da na san yadda ake gaida shehun ƙauye a Sudan da lamiɗo a Kamaru, na zo ƙasar ubana na shiga fadamar mutane kamar dajin da ba mai shi.

Bayan kamar mako uku da kafa sandunan, wata ranar Alhamis da hantsi, aka yi sallama a zaure. Na fito na tarar da wani mutum siriri, zai yi shekara hamsin, ƙafafunsa fari fat da ƙurar tafiya, ya durƙusa, ga zabi biyu a ɗaure a gabansa. Ya ce sunansa Bawa, daga ƙauyen bakin fadamar nan. Ya tambayi gidan mai farar mota tun daga tasha har aka nuna masa.

"Ranka shi daɗe, ba mu ja da hukuma. Abin da anka ƙaddara shi za a yi. Roƙo ɗai na zo yi. Fangalaina su na daga turke na huɗu zuwa na bakwai. Nan ubana ya yi albasa, nan nika yi, ɗiya tara gare ni. In da hali a matsa da layin ko taku ashirin."

"Wane layi, Malam Bawa?"

"Na awon da kunka yi, ranka shi daɗe."

Sai da na zauna. A hankali na ciro maganar daga bakinsa. Tun ranar da na kafa sandunan, ƙauyen ya gama yarda cewa gwamnati ta ɗauki fadamar. Wani ya ce madatsar ruwa za a yi, wani ya ce gonar gwamnati. Gida kusan ashirin sun dakatar da dashen albasa, don ba wanda zai zuba taki da ƙarfinsa a ƙasar da katafila za ta bi ta kai. Ku da kuka tashi a gari, bari in gaya muku abin da wannan ke nufi. Irin albasa ana yafa shi a ɗan wuri guda, in ya kai kamar kwana arba'in sai a cire a dasa. In ya wuce lokacinsa ya tsufa a wurin, ko an dasa ba ya yin kai, sai ganye da fure. Nasu ya riga ya wuce da kwanaki. Kowace safiya da ta waye, abincin shekara ne ke raguwa.

Na ce masa ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba wanda ya aiko ni, tsuntsaye nake zuwa kallo. Ya ɗago ya dube ni, ya sake sunkuyar da kai.

"Na gane, ranka shi daɗe. Ba a son a faɗi tun yanzu."

Na rantse masa. Ya yi godiya irin ta wanda aka ƙi roƙonsa cikin ladabi, ya tashi. Na ce ya ɗauki zabinsa, ya ƙi. Na ba shi kuɗin mota, ya ƙi. Ya tafi da tabbacin cewa zabi biyu sun yi kaɗan.

Da la'asar na je wajen yayana, Alhaji Garba, Allah ya ji ƙansa. Dillalin albasa ne a kasuwar Aliero, ya san mutane fiye da yadda na san injin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya gyara zama.

"Manu, kai dai Allah na sonka. Gobe ka sa babbar riga ka tahi. Ka ce musu ka shiga ka fita, ka yi magana da manya, an janye awon. Kafin la'asar sun fara dashe. Su samu albasarsu, kai ka samu girma. Wa ya yi asara?"

"Yaya, ƙarya ce fa."

"To tahi ka gaya musu gaskiya. Ga Bawa nan ka gaya mishi, ya yarda? Kuma in sun yarda ɗin, ka san abin da za a ce? Dattijo da furfura, ya je Makka, shina zaune cikin laka shina kallon belbela. Ka manta dattawan unguwa sunanka sunka sa gaba?"

Ban manta ba. A lokacin unguwarmu tana shirin kafa ƙungiyar ci gaba, wadda za ta riƙa zuwa babban birni neman famfo da makaranta, kuma ni ake so in shugabance ta saboda harsuna da sanin ofis. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye muku ba. Bayan shekara talatin a ƙasashen da kullum baƙo nake, ina so a ce ga wurin zamana a garinmu. Kuma shawarar Yaya ba ta mugunta ba ce, ita ce ma ta fi saurin kai iri cikin ƙasa.

Na dawo gida na gaya wa Kulu duka. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"In ka ce kai ka hana, ran da masu awon gaskiya sunka zo, wajen wa za su kawo zabi?"

Ta buga rariya a gefen ƙwarya, ta ƙara da cewa, "Kuma zanena na. Ban ba ka shi don ka tsorata talakawa ba."

Wannan tambaya tata ce ta yanke mini. Na ga cewa in na karɓi girman ƙarya, duk ranar da motata ta ɓullo a bakin fadamar nan gaban mutane zai faɗi, kuma za su dogara da ƙarfin da ba ni da shi. Washegari Juma'a na ɗauki madubi da littafin zane, na sa kakin nan dai da suka saba gani, na tafi. Na yi salla tare da mutanen ƙauyen. Bayan an sallame na je zauren mai gari, na cire takalmi, na gaishe shi yadda ya kamata in yi tun wata biyu baya. Kafin in gama gaisuwa zauren ya cika har waje. Na ba da haƙuri, na faɗi sunana da sunan mahaifina da unguwarmu, na ce turakun nan alamar ƙasa mai tauri ce don kada mota ta kafe, ni kuma tsuntsaye nake kallo.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da na ji daɗi. Mai gari ya yi gyaran murya.

"Alhaji, mun ji. Amma ka yi muna adalci. Mutum shi ƙona mai tun daga Jega, kowane mako, don tsuntsu? Harbi kaka yi?"

"Ba na harbi."

"Tarko?"

"A'a. Kallo kawai."

"To in ka kalla, sai mi?"

 Sai na miƙa littafin. Ya bi hannu-hannu ana juya shi da ɗar-ɗar, ana neman inda aka rubuta sunayen masu gonaki. Ya isa hannun wani tsoho mai ido ɗaya da ke jingine da bango, wanda suke kira Sarkin Baka, shugaban maharbansu. Shi bai nemi rubutu ba, zanen ya tsaya dubawa. Ya ce wannan dinya ce, amma na yi mata wuya gajere. Ya ce wannan ba haka ƙafarsa take ba. Ya yi ta gyara mini aiki shafi bayan shafi kamar malamin makaranta. Can sai ya tsaya, ya kai littafin kusa da idonsa mai gani.

"Kai! Ga Gurgu!"

Wani zalɓe ne da na zana sau uku ko huɗu, mai karyayyar ƙafa da ta warke a karkace, kullum yana tsaye shi kaɗai a gindin wata bishiyar gawo. Ashe duk ƙauyen sun san shi. Shekara biyar yana wurin, tun da ya kuɓuce daga tarkon Sarkin Baka, har mata suna yi wa miji mai ƙiwuya ba'a da sunansa. Aka yi caa a kan littafin. Tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Mai gari, ku tashi ku yi dashe. Na ga ma'aikata iri-iri tun zamanin Bature. Babu na gwamnatin da za shi zauna shi zana ƙafar Gurgu har da inda ta kumbura. Wanga bawan Allah gaskiya shika faɗi. Aikin yi na ba shi da."

Nan dariyar ta fashe, irin wadda mutane ke yi in tsoro ya sake su. Har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Muka ɗunguma zuwa fadama. Na naɗe wando na shiga da kaina na tuge sandunan nan ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga mini da ƙarfi. A na bakwai na zame na zauna daɓas cikin laka. Bawa ne ya miƙo mini hannu. Yana jan ni yana cewa, "Sannu, Mai-Tsuntsu." Daga bakinsa sunan ya fito.

Ba a nan abin ya ƙare ba, don dariya ba ta mayar da irin da ya tsufa. Kusan rabin na Bawa ya wuce amfani, haka na wasu gidaje biyar. Na koma wajen Yaya Garba. Ya yi mini faɗa son ransa, sannan ya sa hula ya zaga da ni wajen manoman Aliero masu ragowar iri ɗanye. Kwana huɗu a-kori-kurar nan tana jigila tsakanin Aliero da fadamar, an lulluɓe irin da jiƙaƙƙen buhu. Na koyi dashe a tsugune ina da shekara hamsin da ɗoriya, bayana ya yi mako bai yafe mini ba. Duk da haka albasar ƙauyen ta zo a makare a shekarar, ƙanana, ta tarar kasuwa ta cika. Bawa bai samu abin da ya saba samu ba, ya ɗage gyaran ɗakin da ya yi niyya. Bai taɓa faɗa mini ba, a bakin wasu na ji. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu har yau.

Labari kuwa ya riga ni isowa Jega, da laka da komai. Da aka zauna zaɓen shugaban ƙungiya, wani dattijo ya ce yana tsoron a aike ni neman famfo in tsaya a hanya kallon shamuwa. Aka yi dariya, aka ba wani. Ya yi aikinsa da kyau, famfon da kuke ɗiba shi ya kawo. Na ji zafin abin na ɗan lokaci. Yaya Garba ya rasu yana cewa ni ne mutum na farko da ya gani an ba shi rawani ya ce a ba shi malafa.

Amma ga abin da na samu. Ban daina fita ba, kuma ni kaɗai nake tafiyata kamar da. Bambancin shi ne nakan tsaya a zaure tukuna, a gaisa, a sha ruwa, Sarkin Baka ya karɓi littafi ya duba kurakuraina. Daga nan ba mai bina. Mai gari da kansa ya hana a dame ni, ya ce a bar Alhaji da jama'arsa. Na zauna a bakin ruwa a ƙasashe biyar, ko'ina ana ganina a matsayin baƙo mai wata manufa. A fadamar nan ce kaɗai aka san ainihin abin da ya kawo ni, aka yi mini dariya, aka kuma bar mini wuri.

Zabin nan biyu Bawa bai taɓa yarda ya karɓe su ba. Kulu ta ce ba za a yanka abin da aka kawo cikin tsoro ba, ta sake su a bayan gida. Waɗannan masu hana ku barcin rana jikokinsu ne, don haka ku daina cewa in sayar. Kuma tun daga shekarar, duk ƙarshen damina in tsuntsayen nesa suka sauka a tafki, Bawa yakan aiko direban motar kasuwa da saƙo. Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya ci gaba, kalmomin ba su canja ba. Na bana ya iso shekaranjiya: a gaya wa Mai-Tsuntsu baƙinsa sun iso.

Idona ba ya ba ni damar tuƙi yanzu. Ranar Asabar ɗayanku zai kai ni. Ba a kunna rediyo, ba a yi mini hira a hanya. In mun isa, a zaure za mu fara tsayawa, kuma in aka tambaye ka ɗan wane ne kai, ka faɗi sunan da ƙarfi yadda na bayan zaure zai ji.